Wane gam ne ke daɗewa a ƙananan samfuran katako? Haɗi na saki bayan damina ɗaya ko biyu

MalaminFasaha_KD

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga kafintoci da injiniyoyi da masu zanen gini na wannan zaure.

Ana son ɗalibai su haɗa ƙananan samfura uku da za a ajiye a ɗakin koyon sana'a don nuni na shekaru, ba irin na gasar nan da ake loda wa nauyi a karya a rana ɗaya ba. Na farko gada ce mai tsawon santimita 90, a kan fasalin gadar Lugard da ke Gamji, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Na biyu rafta da sauran katakon rufin gida mai ɗaki uku. Na uku hasumiyar tankin ruwa, tsayinta santimita 60, da gwangwani a kai mai yashi kilo 2. Katakon obeche ne, an tsaga shi milimita 6 a kan 6, sai tsinken tsire na gora don ƙananan tokare. Ɗakin rufin kwano ne, silin ɗinsa kuma ba na kirki ba ne.

Abin da aka saba gani da irin waɗannan ayyuka shi ne, ranar da aka gama ko ka danna da hannu ba su motsi. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai tokare ya fita da kansa, gada ta lotsa a tsakiya, wani haɗin ya buɗe baki. Wasu su ce gam tsufa yake yi, wasu su ce jabu aka sayo.

Shin da gaske ƙarfin gam na raguwa da shekaru? Tsakanin farin gam irin Top Bond, supa gulu, Araldite, Evo-Stik, UHU da gam ɗin kyandir na bindiga, wanne ya fi jure yanayin Kaduna? Akwai kuma hanyar gwadawa kafin a ɓata katako?

Injiniya_TudunWada

Wa alaikumus salam, Malam. Gam mai kyau da aka shafa daidai ba ya tsufa yadda ake zato. An tono kayan katako a kaburburan Fir'aunonin Misira da suka haura shekara 3,000 da gam ɗin fata, wanda ake dafawa daga fatar dabba, a jikinsu, kuma gogen Turawa da Stradivari ya ƙera a Italiya kafin rasuwarsa a 1737, irin wannan gam ne ke riƙe da su har yau. Ba a shekaru gizo ke saƙa ba. Abu biyu ne ke kashe haɗi a garin nan: motsin katako tsakanin hunturu da damina, da zafin bazara.

Katako yana shan danshi daga iska, yana kuma sakinsa, har ya daidaita da ɗakin da yake. A Janairu da Fabrairu da rana laimar iska a Kaduna kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a nan katako zai bushe har danshinsa ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. A Agusta lokacin marka laimar kan haura kashi 80, katako ya koma wajen kashi 16. A tsawonsa kusan ba ya motsi, amma a faɗinsa yana kumbura yana tsukewa. Ƙiyasin da ake aiki da shi: duk canjin kashi 4 zuwa 5 na danshi, faɗin katako na canzawa da kusan kashi 1. Ke nan falanki mai faɗin santimita 30 zai iya ƙaruwa ya ragu da milimita 7 zuwa 9 duk shekara. Obeche na cikin masu ƙarancin motsi, amma shi ma milimita 4 ba abin mamaki ba ne.

A sanda mai milimita 6 motsin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗoriya ba, sai ka ce ba komai. To amma duba inda sanda biyu suka gitta juna. Ɗaya tana kumbura ta faɗinta, ɗayar kuma a wannan ɓangaren tsawonta ne, ba ta motsi. Siririn gam ɗin da ke tsakani shi ke shan ja, damina ta ja shi nan, hunturu ya mai da shi can. Gam mai tauri kamar supa gulu sai ya fara tsagewa daga gefe, tsagar na shiga ciki kaɗan-kaɗan. Mafi muni shi ne a manne ƙafafun samfuri a kan falanki guda na tsantsar katako: falankin zai buɗe da milimita huɗu, sandar da ta haɗa ƙafafun ba za ta buɗe ba, dole wani haɗi ya biya.

Sai zafi. Farin gam, wato PVA, roba ce da ke fara laushi tsakanin digiri 30 zuwa 40. A Maris da Afrilu inuwa kanta tana kai 35 zuwa 38, ƙarƙashin kwano marar silin kuwa ya wuce 40. Ba narkewa yake yi ba, sai dai idan akwai nauyi a kansa dare da rana yana silalewa a hankali kamar cingam a rana, kuma ba ya komawa. Haɗin da ya ɗauki kilo 20 na minti ɗaya yana iya zamewa da kilo 2 cikin wata shida. Wannan ne ya sa gwajin ranar gamawa ke yaudarar mutane.

Kada kuma a ɗora wa gam laifin duka. Katakon da kansa yana gajiya. Binciken da aka wallafa a 1951 daga cibiyar nazarin katako ta Madison a Amurka ya nuna katakon da zai zauna da nauyi shekara goma ba ya ɗaukar fiye da wajen kashi 60 na abin da yake ɗauka a gwajin 'yan mintoci. Idan kuma danshi na hawa da sauka a lokacin, lotsawar ta fi sauri. Wani ɓangare na lanƙwasar da kake gani a tsakiyar gada daga nan yake fitowa.

Game da zaɓi: ma'aunin Turai na EN 204 ya kasa farin gam huɗu, D1 zuwa D4. Dukkansu a bushe ana buƙatar su riƙe kimanin kilo 1 a kowace murabba'in milimita. Bambancin a ruwa yake. D1 na ɗaki busasshe ne, D2 na jure ɗan jiƙewa jefi-jefi, D3 na jure laima mai yawa, D4 na waje. Farin gam da ba a rubuta ajinsa a roba ba, ɗauke shi a matsayin D1 ko D2. Ga aikinka D3 nake ba da shawara, ko gam mai ruwan ɗorawa irin Titebond, wanda ya fi farin tauri idan ya bushe. A lura, harafin D maganar ruwa kawai yake yi. Maganar zafi wani gwaji ne daban mai suna WATT 91, ana yinsa a digiri 80. In ka ga an rubuta shi a jikin roba, alama ce mai kyau.

BabaKafinta_Panteka

Salamu alaikum. Injiniya ya faɗi gaskiya, amma Malam, ko D4 ka ba yaro, in hannunsa bai iya ba, haɗin sakewa zai yi. Ga abin da za ka tsaya a kansu da shi.

Katakon da ake kawowa daga Kudu da ruwansa yake zuwa. Kada a tsaga yau a haɗa gobe. A tsaga, a jera sandunan da 'yan tsinke a tsakaninsu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a kai, a bar su mako biyu zuwa uku a ɗakin da za su zauna. Wadda ta murɗe a ware ta. In da hali a yi haɗin a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, lokacin katako na tsakatsaki. Aikin da aka haɗa a tsakiyar Agusta hunturu na zuwa zai tsuke ya tsage, wanda aka haɗa a Fabrairu damina za ta kumbura shi ya bauɗe.

Farin gam ba ya cike gurbi. Haɗa sanda biyu ba gam, ka ɗaga wajen haske. In haske na ratsawa, a sake yankan. Gam ɗin da ke riƙewa shi ne wanda kaurinsa bai wuce takarda ba. Wancan da yara ke tarawa a kusurwa kamar tudu, rabinsa ruwa ne, yana bushewa ya tsuke ya bar rami a ciki.

Bakin yanka, wato inda zarto ya datse sanda, yana shanye gam ya bar haɗin a bushe. Maganinsa a dama gam kashi ɗaya da ruwa kashi ɗaya, a shafa wa bakin, a jira minti goma, sannan a sa gam na sosai a haɗa. Duk da haka kada a dogara da baki kaɗai. Bakin sanda 6 a kan 6 murabba'in milimita 36 ne kacal. Ka sa faci ta gefe biyu, kowanne ya hau sandar da milimita 20, ka samu 240, kuma gefen katako ne da gefen katako, inda gam ya fi kamawa. Facin a yi shi da siririn filawud na milimita ɗaya ko ɗaya da rabi. In babu, katakon nan da ake danna harshe da shi a asibiti, ana sayar da shi a kwali a kemis, yana aiki sosai. A manyan haɗe-haɗe a huda rami na milimita 2 ya ratsa faci da sanda, a tura tsinken sakace da gam, a datse. Ko gam ya yi laushi a bazara, tsinken ba zai bari ya zame ba.

Sandar sama da ta ƙasa ta gada su zama guda, ba ƙari. In dole sai an ƙara, a fere bakin biyu a karkace, tsawon feren ya ninka kaurin sau takwas, wato milimita 48, kuma kada ƙarin ya faɗo a tsakiyar gada.

A goge wurin haɗi da samfefa mai lamba 120 ko 150 a ranar da za a manna, a kaɗe ƙurar. Tsinken tsire bayansa santsi gare shi, sai an kankare da reza. In an yi amfani da loko ko wani katako mai maiƙo, a goge da tina tukuna. A shafa gam siriri da tsinke, a haɗa cikin minti biyar. A hunturu ma bai kai haka ba, da ya yi fata a sama ya riga ya mutu, gogewa za a yi a sake. A matse da abin maƙale shanya ko robar ɗaure kuɗi har ɗan gam ya tsattsafo, a bar shi awa ɗaya, kada kuma a ɗora masa nauyi sai ya kwana ya wuni. A marka a ba shi kwana biyu. Fil ko ƙusar ƙarfe in ta taɓa jiƙaƙƙen farin gam tana barin baƙin tabo, musamman a maɗaci.

Batun jabu kuma akwai shi. Gam ɗin da ake ɗiba daga bokiti a zuba a 'yan robobi, wani lokaci an tsinka shi da ruwa ko sitaci. In ba na shafa wa bakin yanka ba, farin gam ba ya son ruwa fiye da kashi 5 cikin 100. Shafa kaɗan a gilashi ka bari ya kwana. Na kirki zai bushe garau, ka ɓare shi kamar leda. Wanda ya yi fari kamar alli yana marmashewa, ba na katako ba ne. Wanda ya yi gudaji ko wari mai tsami shi ma a zubar.

Supa gulu da gam ɗin kyandir kuwa, ni dai a hana yara su kawo su ɗakin aiki.

MalaminFasaha_KD

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Baba. To ƙaro fa? Yana da araha a nan, wasu iyaye ma shi suke cewa a yi amfani da shi. Sannan gam ɗin fatar da Injiniya ya ambata, tunda ya yi shekara dubbai, me zai hana mu koma kansa?

Mai_ZanenGini_Barnawa

Malam, ƙaro na tawada ne da takarda. Ruwa ke narka shi, a marka zai yi danƙo, a hunturu ya farfashe. Ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan.

Baba, a yi mini afuwa, a kan supa gulu ban bi ka duka ba. Laifinsa shi ne a ba shi aikin da ba nasa ba. Masu haɗa samfurin gini suna amfani da shi a matsayin ɗan riƙo: a shafa farin gam a tsakiyar haɗi, a ɗiga supa gulu ɗigo ɗaya a gefe, a riƙe daƙiƙa ashirin. Shi zai tsayar da sandar inda ba a iya sa abin matsewa, farin gam kuma shi zai yi aikin shekaru. Shi kaɗai dai ba ya daɗewa a katako, don ba ya lanƙwasa ko kaɗan, ɗan bugu ko faɗuwa daga tebur ya ishe shi, laima mai daɗewa kuma tana rage masa ƙarfi. Mai tsinkakken ruwa obeche na shanye shi nan take, mai kauri ya fi. Danshin iska ne ke busar da shi, shi ya sa a hunturu yake jinkiri, sai an ɗan hura masa numfashi. Idan aka yi yawa yana barin farin hazo kewaye da haɗin, wanda ke ɓata gilashi da fenti. A gargaɗi yara kada ya zuba a auduga ko rigar auduga, zafi yake yi har ya ƙona fata.

Gam ɗin kyandir a nan ina tare da Baba. Yana kama saman katako ne kawai, ba ya shiga ciki, kuma motar da aka ajiye a rana a rufe cikinta na haura digiri 60, wanda ya isa ya sassauta shi. Samfura da yawa a hanyar kai su wurin nuni suke wargajewa, ba a ɗaki ba. Evo-Stik na fata ne da fomaika da soso, har abada roba yake zama, sandar da ke ɗauke da nauyi za ta zame a kansa. UHU na kwali da kayan ado ne, tagogi da bishiyoyi da makamantansu.

Abin da ba a faɗa ba shi ne mazauni da ma'ajiya, kuma su ke ƙara wa aiki shekaru. Mazaunin ya zama filawud na milimita 12, ba falanki ba, domin filawud an giggitta zarensa, motsinsa kaɗan ne ƙwarai. MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, na kumbura ta kauri in ya sha laima, ba ya kuma komawa. A shafe mazaunin sama da ƙasa da gefuna, in aka shafe fuska ɗaya kawai zai bauɗe. Gadar kada a manne ta ta ɓangare biyu. A ɗaure ɓangare ɗaya da sukuru, ɗayan a yi masa dogon rami ya samu wurin motsi, yadda ake yi wa gadojin gaske.

Banish sai an gama haɗi duka, gam ya kwana biyu, domin gam ba ya kama wurin da banish ya taɓa. Shafi biyu ko uku sirara, har ƙarƙashi da bakin yanka. Ba ya hana danshi shiga, yana dai rage saurinsa, kuma saurin ne ke tsaga haɗi. A sa samfurin cikin akwatin gilashi, nesa da taga da bangon yamma, kuma a ƙasa-ƙasa, ba a kan kabad kusa da kwano ba. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da magani suna taimakawa a damina, sai dai suna cika, a riƙa shanya su. A duba kuma ƙasan akwatin lokaci-lokaci. In an ga garin katako mai laushi, ƙwaro ne ya shiga, obeche kuwa abincinsa ne.

Injiniya_TudunWada

Hajiya mai zanen gini ta cike gurbin da na bari. Saura gam ɗin fata da Araldite da maganar gwaji.

Gam ɗin fata yana da abu biyu da farin gam ba shi da su: ba ya silalewa a ƙarƙashin nauyi ko a zafin bazara, kuma ana iya buɗe haɗin da ruwan ɗumi a gyara. Ana jiƙa ƙwayoyinsa awo ɗaya da ruwa awo biyu bisa nauyi na wasu awoyi, a ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har digiri 60, ba a bari ya tafasa. Matsalarsa, minti ɗaya kawai yake ba ka kafin ya daskare, abin da ke da wuya ga mai koyo. A marka yana yin laushi da fumfuna, kyankyaso kuma na cinsa. Kayan Misira sun daɗe ne don busasshen kabari suka samu, ba Agustan Kaduna ba. Sai in akwai banish da akwatin gilashi, kuma malamin ne zai yi da hannunsa.

Araldite da 'yan'uwansa masu kwalba biyu iri biyu ne. Mai saurin nan na minti huɗu ko biyar ya fi rauni ga ruwa da zafi, ba ya kuma samun lokacin shiga katako. Mai jinkiri, wanda ke ba ka sama da awa ɗaya na aiki ya kuma kwana kafin ya yi ƙarfi, shi ne na dogon zango. Yana cike gurbi, ba ya son matsi mai yawa, yana kama ƙarfe da katako tare. A auna biyun daidai wa daida, a cakuɗa minti ɗaya cikakke. Ƙara na kwalbar da ke busar da shi ba ya sa shi sauri, laushi yake bar masa har abada. Tsada gare shi, don haka a ajiye shi don wurare kaɗan: ƙafafun hasumiya, mazaunin gada, da duk inda waya ko ƙarfe ya haɗu da katako.

A kan hasumiyar, kilo 2 a ƙafa huɗu rabin kilo ne kowace, ba komai ba ne in katako ne ke ɗauka. Ƙafafun su tafi guda daga ƙasa har sama, dandamalin tankin ya zauna a kan kawunansu. In aka manna shi a gefen ƙafafu, gam ne ke ɗauke da yashin dare da rana, kuma shi ne zai fara zamewa. In nuni ne kawai, a juye yashin, a zuba shi ranar darasi.

Akwai darasi a jirgin saman yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda da katako da gam aka ƙera shi. A 1944 wasu sun faɗi a yankin Indiya, aka fara zargin gam da laimar damina. Da aka zurfafa bincike sai aka tarar har da haɗe-haɗen fiffike da fuskokinsu ba su zauna da juna daidai ba tun daga masana'anta. Maganar Baba ke nan ta ɗaga haɗi wajen haske.

Gwajin da ɗalibai za su iya yi: a yanka sanduna na santimita 10, a ɗora biyu-biyu su hau juna da milimita 5 kawai, wato murabba'in milimita 30, don su karye da nauyin da bokiti zai ɗauka. Kowane gam a yi masa guda ashirin, a bar su kwana bakwai, a kasa huɗu. Kashi na farko a karya haka nan. Na biyu a rufe shi mako biyu cikin roba mai murfi tare da kwanon gishiri da aka jiƙa ya yi caɓa-caɓa, wannan na riƙe laima a kashi 75. In ana son ta marka, a sa tsantsar ruwa a kwanon, kada dai ya taɓa katakon. Na uku a bar shi cikin mota a rana awa biyu, a gwada tun yana da zafi. Wajen karyawa a rataya bokiti, a riƙa jefa ledar fiya wata ɗaya-ɗaya, kowace rabin kilo ce, a rubuta adadin da ya karya. Bokitin ya kasance kusa da ƙasa, ƙafafu kuma nesa.

Kashi na huɗu shi ne amsar tambayarka. A ja layin fensir siriri ya ratsa haɗin, a rataya masa rubu'in nauyin da ya karya na farko, a bar shi a ɗakin nan mai kwano, a duba duk mako. In layin ya rabu biyu, gam na silalewa. A Maris ko Afrilu wata ɗaya ya isa a ga bambanci.

Bayan karyewa a dubi fuskar. In zaren katako ya ɓare ya bi gam, gam ya fi katakon ƙarfi, ba abin da za a ƙara. In gam ya rage a fuska ɗaya, ɗayar tas, ƙura ce ko maiƙo ko an makara wajen haɗawa. In duka biyun kamar ba a shafa komai ba, katako ya shanye ko an matse fiye da kima. In gam ne ya rabu a tsakiyarsa, ya yi kauri ko bai bushe ba ko an tsinka shi.

BabaKafinta_Panteka

To Hajiya, na yarda da ɗigo ɗaya, amma malami ne zai riƙe kwalbar.

Malam, tsofaffin samfuran da suka riga suka saki, kada a ɗura musu sabon gam a kan tsohon. Farin gam katako yake kamawa, ba ya kama busasshen ɗan'uwansa da kyau. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a naɗe haɗin minti goma, zai yi laushi, a zare sandar a hankali, a kankare da reza har sai katako ya fito fes. Supa gulu ruwan goge farce ke narka shi. A bar wurin ya bushe kwana ɗaya kafin a sake mannawa. Kankarar kan rage wa sanda kauri, don haka in haɗin ya yi sako-sako a cusa siririn feren obeche da gam ya cike, sannan a ɗora faci ta gefe biyu. Gadar da ta riga ta lotsa kuma a kifa ta a kan tebur, a ɗora mata nauyi kaɗan na mako guda kafin a sa facin. Sabuwar da za a haɗa a ɗaga tsakiyarta da milimita 2 ko 3 tun a kan zane.